Kogin da Ƙaryata Ta Haƙa a Ƙasar Dogo-Dogo

Kabu-kabu nake yi da moto, wato haya da babur, a Magarya lokacin da aikin rijiyoyi ya same ni. Karatuna bai yi nisa ba. A shekara ta biyu ta kwaleji na ajiye jaka, ba don an kore ni ba, sai don na ga kamar na fi malaman sanin duniya. Wannan hali na ganin na sani shi ya bi ni har girma, kuma shi ne tushen abin da zan faɗa.

Wani furoje ne, wato shirin raya karkara, ya zo da niyyar huda foraj a ƙauyukan Magarya da Dungas, irin rijiyar nan da inji ke haƙawa a ɗora mata tanki da famfo. Ƙarfinsu bai kai su yi wa kowane ƙauye ba, dole sai an zaɓa. Suka nemi masu moto da suka san hanya kuma suka iya karanta lamba, aka ɗauke mu mu huɗu. Kowa aka ba shi tablet da sonda. Sonda tef ce doguwa naɗe a jikin faifan roba, da lambobin metir a jikinta, a bakinta kuma ɗan ƙarfe kamar yatsa. In ka zura ta a rijiya, da ƙarfen ya taɓa ruwa sai ta yi kuka, ƙiii. Ka duba lambar da ke daidai bakin rijiya, ka rubuta a tablet, ka danna wani wuri ya kama inda kake tsaye a doron ƙasa. Aikin ke nan.

Wadda ke karɓar lambobin a buro, wato ofishin furojen, kowa Madam yake ce mata. 'Yar Damagaram ce, ta yi karatun taswira mai zurfi, na girme ta da shekaru ba kaɗan ba. Babarbariya ce, ni kuwa uwata Bafillatana, saboda haka tun ranar farko wasa ya shiga tsakaninmu.

"Ɗan Fillo," in ji ta, "wannan ba sandar kiwo ba ce. Kar in ji ka kora saniya da ita."

"Allah ya ba ki haƙuri, Madam," na ce. "Mu da muka san rijiya tun kuna lasar kanwa a bakin tabki."

Ranar ta juyo mana fuskar ordinatarta, wato kwamfuta, ta yi mana bayani, kuma har yau ban manta ba. Ta ce ba mai iya leƙa ƙarƙashin kowace gona ya ga inda ruwa yake. Amma rijiya tana kama da maƙwabciyarta. Ta kusa ta fi ta nesa kama. In muka kawo mata zurfin rijiyoyi da yawa, za ta haɗa da tudu da kwarin ƙasa, da irin yashi ko laka, da hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka daga sama, injin, wato ordinatar, ya kintaci zurfin ruwa a duk inda ba rijiya. Daga nan taswira ta fito da launi. Shuɗi inda ruwa ke kusa, mutane na iya haƙa da hannu. Ja inda ya yi nisa. Inda ja ya haɗu da yawan mutane da shanu, nan foraj zai je.

"Injin ba ya ƙarya," ta ce, "amma duk abin da kuka ɗura masa shi zai amayar."

Na gyaɗa kai kamar wanda ya ji.

Bazara ce, lokacin da ruwa ke sauka ƙasa sosai. Na fara da ƙauyukan Yekuwa, kuma a nan na yi aiki tsakani da Allah. Abin da ya lalata ni shi ne kukan sondar. Duk ƙauyen da na sauka sai mutane su taru, mata su ajiye guga, tsofaffi su taso daga inuwa. In ta yi ƙiii sai a ɗauki salati. Wani ya ce aljani ne a ciki, wani ya ce tsuntsu. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na shiga tsoma ta a bokiti, a tulu, a kwatarniyar shanu, don dai a yi mamaki a kira ni injiniya.

Ranar kasuwar Bande na tsaya shan fura. Wasu dillalan awaki na zaune suna tsokanar mai nonon, wata dattijuwa mai baki kamar reza.

"Inna, yau ma rijiya kika tatsa?"

"Rijiyar gidanku," ta ce.

Sai na ce ai ga alƙali a jakata, duk inda ruwa yake sai ta tona. Kafin ta hana ni na tsoma bakin sondar a ƙwaryar nono. Ƙiii! Kasuwa ta ɗauka. Dillalai har da buga ƙafa a ƙasa. Dattijuwar ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, sa ta a bakinka mu ji. In ba ta yi kuka ba na yarda." Aka sake bushewa da dariya, wannan karon a kaina.

Na goge ƙarfen da gefen rigata, amma kukan bai tsaya ba. Na girgiza ta, na hura ta, na naɗe ta da tsumma na cusa a jaka. Haka na kama hanyar Dungas tana kuka a bayana kamar na sato ɗan akuya. Kafin in isa muryarta ta dushe, daga baya ta yi tsit. Na tsoma ta a bokiti, shiru. Na tabbatar wa kaina na kashe kayan furoje.

Abin da ya kamata sananne ne: in kira buro in faɗa. Wayata na aljihu, rezo, wato sabis, kuma akwai. Amma na tuna bakin Madam, na tuna sauran ukun da za su ji, sai na ce bari in ƙarasa tukuna. Rijiya bakwai suka rage mini, duk a ƙasar Dogo-Dogo, jere kusan a layi ɗaya.

A ta farko na tsaya ina sosa ƙeya, sai wani mai shayar da shanu ya ce, "Zurfinta kake nema? Gaba sha biyar ce." Na dubi tablet. Gurbin da ake cike lamba yana cewa metir. Na rubuta sha biyar.

Ba zan ce ban sani ba. Na san gabar babban mutum, daga yatsan wannan hannu zuwa na wancan in ya ware su, ta fi metir nesa ba kusa ba. Da na tsaya na yi tunani, ko dutse na ɗaura wa tef ɗin na saurari faɗawarsa a ruwa da na samu lamba ta gaskiya. Amma tambaya ta fi sauƙi, rana kuma ta take. Na ce wa zuciyata lamba dai lamba ce, a cikin rijiyoyi masu yawa haka wa zai lura da bakwai?

Ta ƙarshe tana wani ɗan ƙauye a kan tudu, manoma ne masu shanu. A nan ba a jan ruwa da hannu kawai. Bijimi ake ɗaura wa igiya, mace ta kora shi ya yi ta tafiya har sai ya yi nisa kafin guga ya leƙo. Na tarar da layin jarkoki, wasu tun asuba suke wurin. Wani tsoho dogo, wanda ya ce da shi aka haƙa rijiyar yana saurayi, ya kai ni inuwa ya sa aka kawo mini ruwa. Na san abin da kofin nan ya ci kafin ya iso hannuna, amma na shanye.

"Baba, gaba nawa ce zuwa ruwa?"

"Sha tara," ya ce, ko tunani bai yi ba. "Da hannuna na auna ta makon jiya da muka sauya igiya. Ka rubuta da kyau, ɗana. An ce da rubutun nan za a duba."

Na rubuta sha tara. Na yi musu sallama suna ta sa mini albarka.

Da na koma Magarya na tura sondar can ƙasan kabad ɗin buro, bayan na sauran. Kwana biyar ba wanda ya ce uffan. Har na fara sakin jiki.

A rana ta shida Madam ta aiko a kira ni. Na shiga ina jan ƙafa, sai na tarar da ita fuska cike da fara'a, har ta sa an kawo shayi.

"Ɗan Fillo, zauna. Ashe kana da amfani. Zo ka ga abin da ka samo mini."

Taswira ce ta cika fuskar ordinatar. Ƙasar Dogo-Dogo ta wajen tudu duk ja ce da ruwan goro, amma ta tsakiyarta wani shuɗi ya ratsa, siriri, yana lanƙwasa kamar maciji. Ɗigo bakwai na kansa, rijiyoyin nan bakwai da na rubuta.

Ta ce tana da wata dabara ta gwada aikin injin. Takan ɓoye masa rijiya ɗaya, ta ce ya kintaci zurfinta daga maƙwabta, sannan ta kwatanta da abin da aka auno. Haka take bi ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta na ba da shaida a kan juna. Ko'ina shaidar ta zo kusa, ban da yankin nan. Rijiyoyin gefe sun ce ruwa na nesa, bakwai ɗin nan sun ce yana kusa, kuma bambancin kusan rabi ne a dukkansu.

"Da guda ɗaya ce sai in ce hannunka ya zame. Amma bakwai, a jere, duk bakinsu ɗaya? Kuskure ba ya zuwa da tsari haka. Ina jin tsohon kogi ne yashi ya binne. Ka san abin da wannan ke nufi? Duk ƙauyukan da ke kansa ba sa bukatar foraj. Rijiyar hannu ta ishe su, a kai injin haƙa inda aka fi wahala."

Ta buɗe jerin ƙauyukan da aka zaɓa. Na bi da ido daga sama har ƙasa. Ƙauyen tsohon nan ba ya ciki.

"Alhamis za a kai wa taron magadan gari," ta ce. "In suka sa hannu an gama. Sha shayinka mana."

Na sha. Ban san ko da sukari a ciki ba.

Kwana biyu na yi da abin a cikina. Na riƙa lallashin kaina: wataƙila kogin na nan da gaske, wataƙila wani furoje zai zo baɗi. Amma ko na rufe ido a salla sai in ga bijimin nan yana tafiya da igiya. Ran Litinin da safe uwargida ta ajiye mini kunu, ta tsaya a kaina.

"Malam, tun shekaranjiya kake tauna abinci kamar mai ciwon haƙori. Me ka yi?"

Ba ta ce me aka yi maka ba. Ta san mijinta. Na kwashe duka na faɗa mata, har da nonon. A wurin nonon ta kasa riƙe dariya, sai da ta dafa bango. Da ta gama ta share ido ta ce, "To tashi ka je. In sun kore ka, moton na nan, mutane ba su daina zuwa kasuwa ba. Amma ni ba zan riƙa dafa maka da ruwan famfo ba kana sane da waɗancan matan."

Na sami Madam tana rubuta bayani a kan koginta. Na tsaya a bakin ƙofa na cire hula.

"Madam, babu kogi."

Ta ɗago.

"Ni na haƙa shi."

Na faɗa mata tun daga kasuwar Bande. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta juya tana kallon shuɗin nan. Na ga yadda ta so shi. Na fi son ta zage ni da wannan kallon.

"Shafi huɗu na rubuta," ta ce a hankali. "Har na kira malamina na Yamai na yi masa albishir." Ta rufe fuska da tafin hannu. Na ga kafaɗunta na rawa, na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce ta ci ƙarfinta. "Nono! Wayyo Allah. An ba Bafillace kayan aiki, bai ga inda zai kai shi ba sai ƙwaryar nono!"

Sannan ta haɗe rai, ta ce in ɗauko sondar. Ta sa aka kawo ruwan ɗumi a kofi, ta wanke ƙarfen, ta zaƙulo busasshen nono daga wani ɗan rami da tsinken ashana, ta sauya pil, wato batir. Ta tsoma a kofin. Ƙiii. Duka-duka bai fi minti biyar ba. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan lokacin ba.

Na ce ko za ta ninka lambobin kawai, tunda gaba ta kusa metir biyu.

"Gabar wa?" ta ce. "Taka, ko ta dogo, ko ta gajere? Mutum bakwai ka tambaya, hannu bakwai. Na gama da kintace a kan ƙarya. Gobe da asuba za mu koma, ni da kai, kuma kai za ka yi wa mutane bayani da bakinka."

Motar furoje ta kai mu. Rijiya shida muka auna ran Talata, a kowace sai na tsaya gaban jama'a na ce ni ne na zo kwanaki na rubuta ba daidai ba. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce Allah ya kyauta. Wani ya ce shi dama tun da ya ga ban zura komai a rijiya ba ya san injiniyan nan na gwanjo ne.

Ran Laraba da hantsi muka hau tudun. Tsohon na nan a inuwarsa. Da ya ji an zo sake awo sai ransa ya ɓaci.

"'Yata," ya ce wa Madam, "wa ya ce miki sha tara ba daidai ba ne? Na shiga cikin rijiyar nan tun ba a haifi babanki ba."

"Baba, ba kai ka yi kuskure ba. Ga mai laifin nan, zai faɗa."

Na durƙusa na faɗa. Mata sun bar jarkokinsu sun matso. Da na kai inda ƙauyensu ya fita daga jeri saboda ni, duk ido ya dawo kaina. Wata mai goyo ta ce, "Kai da muka ba ruwa?" Na sunkuyar da kai. Har yau in na tuna muryarta sai kunya ta kama ni.

Madam ce ta fitar da ni. Ta roƙi tsohon ya miƙe ya ware hannuwansa. Ya tashi yana gunaguni, ya ware su, sai ka ce gawo ya buɗe rassa. Ta auna da tef daga yatsa zuwa yatsa, ta ninka sau sha tara a waya, ta rubuta lambar a ƙasa da tsinke: talatin da biyar. Sannan ta miƙo mini sonda. Na zura, na zura, faifan na ta juyawa har hannuna ya gaji. Can ƙasa muka ji ƙiii. Na danne tef a bakin rijiya, ta sunkuya ta karanta.

"Talatin da biyar, da ɗan abin da bai kai taƙi ba."

Tsohon ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? Inji ya zo daga ƙasar Turawa, ya sha mai, ya hau tudu, don ya faɗi abin da na faɗa." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, ɗana, da ka ce mini da metir kake so, ai da na ce ban san shi ba, ka je ka nemo. Rashin sani ba ya kashe mutum."

A nan ƙarƙashin bishiya Madam ta ɗora ordinata a kan turmi da aka kifa, ta shigar da sababbin lambobi bakwai. Injin ya ɗan yi tunani. Mata suka kewaye ta suna leƙe. Muna kallo shuɗin ya tsinke, ya koma ruwan goro, kan tudun kuwa ya rine ja wur.

"To jan nan alheri ne ko sharri?" in ji mai goyon.

"Wahalarku ce ta fito," Madam ta ce. "Yanzu mai sa hannu zai gan ta."

"Ashe sai an shafa mata launi ake ganinta," in ji wata tsohuwa, aka yi dariya, har da mai goyon, ko da yake ni ba ta sake duban inda nake ba.

Ran Alhamis jerin ya tafi taro da ƙauyen a ciki, na huɗu daga sama. Biyu daga sauran shidan ma sun shiga. Wannan ya sa wasu ƙauyuka uku na ƙasan jeri suka fita, kuma na tambayi Madam ko wannan ma alhakina ne. Ta ce a'a, da ma wurin ba nasu ba ne, ƙaryata ce ta ba su aro. Na yarda da ita, amma in hanya ta bi da ni ta ɗayansu nakan ɗan ƙara gudu.

Ba a kore ni ba. Madam ta rubuta abin da ya faru a takardar aiki ba ragi, shugaban buro ya kira ni ya wanke ni tas, kuma da aka tashi wani zagayen awo ba a neme ni ba. Ban ga laifinsu ba. Na koma kabu-kabu.

Sai bayan kaka ta biyu na sake hawa tudun, na kai wani fasinja da buhun wake. Tun daga nesa na hango tanki a sama da faifan hasken rana a gefensa. A gindin famfo rigima ake yi, ta gaske, a kan wadda za ta riƙe makulli da wadda ta tsallake layi. Tsohon ya gane ni, ya kira ni da hannu. Ya ce ruwan na da yawa, alhamdu lillahi, sai dai ɗanɗanon ƙarfe ne da shi, tsofaffi sun yi wata guda suna ƙin sha, shi kansa har yanzu bai yarda a dama masa fura da shi ba. Ya sa aka taro mini a kwano. Da gaske akwai ƙarfe-ƙarfe a harshe. Na shanye, na miƙa kwanon a ƙaro.